Tsokar Wuyan Inuwa Wanzami

A Furana in aka ce Inuwa ba a ƙara komai ba, to wanzamin ake nufi. Shekara arba'in da 'yan kai yana rataye da zabira, gida-gida, ƙauye-ƙauye, ranar kasuwar Ikara kuma yana da 'yar rumfarsa kusa da masu barkono. Hannunsa bai taɓa rawa ba. Jariran da ya yi wa askin suna sun girma, sun kawo masa nasu. Sai dai Allah ya zuba wa bawan nan zargi, irin wanda in ka gaishe shi yau da fara'ar da ta fi ta jiya, zai yini yana tunanin abin da kake nema.

Shi bai ɗauki wannan aibi ba, cewa yake sana'a ce ta koya masa. Ranar da mahaifinsa ya miƙa masa aska, kafin ya nuna masa yadda ake wasa ta, sai da ya gaya masa cewa duk abin da ya rabu da jikin ɗan Adam amana ne a hannun wanzami har ya shiga ƙasa. Don haka in ya yi aski sai ya tattare sumar tsaf ya damƙa wa mai ita. Jinin ƙaho rami yake tona masa. Belin jariri kuwa a ganye yake naɗe shi, ya sa a tafin uban yaro, ya tsaya har ya ga an tona an rufe. Sau biyu a rayuwarsa wani ya taɓa jan sa gefe yana neman 'yar sumar wani, wai addu'a za a yi a kai. Daga nan Inuwa ya yanke hukunci: in biyu sun iya buɗe baki sun tambaya, to akwai ɗari da suke so kunya ta hana su.

Nasa kan, mutum ɗaya ne a duniya yake taɓa shi, wato Ɗayyabu wanzamin Kurmin Kogi, wanda suka koyi aiki tare. Shi ɗin ma in ya gama, sai Inuwa ya ɗaga tabarma ya duba ƙarƙashinta. Matarsa Azumi takan ce, "Malam, kai ko hannunka na hagu ba ka yarda ya riƙe wa na dama aska ba." Ba ya musu, don gaskiya ta faɗa.

Shekarar da ya cika sittin da uku, bayan an gama yankan dawa, muryarsa ta dusashe. Ya ce mura ce, ya sha citta da kanumfari. Wata biyu ta ƙi washewa, haɗiyar tuwo ta fara yi masa kamar da ƙaiƙayi a ciki. Wani da asibiti zai nufa. Inuwa zama ya yi yana tuno duk wanda ya ba shi goro a daminar nan. Da bai samu wanda zai ɗora wa ba, sai ya koma ga abin da ya sani, ya ce beli ne ya sake tsirowa. Ya hau babur har Kurmin Kogi ya buɗe wa Ɗayyabu baki.

"Ni ban ga beli a nan ba, Inuwa," in ji Ɗayyabu. "Wanda aka cire maka kana jariri bai dawo ba. Abin da ke damunka yana can ƙasa, inda ƙarfena ba ya kaiwa."

"Duba dai da kyau. Ko idon ne ya fara tafiya?"

Ɗayyabu ya san halin mutuminsa. Don a zauna lafiya ya tsinke ɗan guntun da ya rage, ya naɗe masa a ganye. Inuwa ya kai gida ya binne, ya zauna jiran sauƙi. Wata guda cur ya ƙara zubarwa a wannan jiran, muryar kuwa sai da ta koma raɗa. Azumi ce ta ɗauke zabirar ta kai gidan yayarta, ta ce ba zai sake ganinta ba sai ya ga likita. A asibitin Ikara aka duba shi, aka rubuta masa takarda zuwa babban asibiti a Zariya.

Can likitan maƙogwaro, wani dogo mai tabarau, ya leƙa da 'yar fitilarsa, ya tambaye shi shekara nawa ya yi yana shan sigari. Inuwa ya kalli Azumi ta wutsiyar ido, don ya bar sigari tun kafin auren 'yarsu ta fari, kuma bai gaya wa kowa a ginin nan ba. Likita ya ce kusan duk mai irin wannan ciwon yakan yi wa tambayar. Aka sa masa rana, aka ba shi maganin barci, aka tsinko 'yar tsoka daga can ƙasan wuyan don a gwada.

Da ya farfaɗo bai tambayi ruwa ba, bai tambayi ƙarfe nawa ba. Ya jawo hannun ma'aikaciyar jinya ya raɗa mata, "Ina abin da aka yanka?"

"An kai ɗakin gwaji, Baba."

"Wa ya kai? A hannun wa yake yanzu?"

Ta yi murmushi ta gyara masa bargo ta wuce. An ce wanzami ba ya son jarfa, to ranar Inuwa ya ɗanɗana. Shi da bai taɓa barin sumar wani ta kwana a waje ba, ga tsokarsa ta shige wani lungu a hannun mutanen da bai san iyayensu ba. Abin ya fi yi masa ciwo a kan yankan.

Bayan kwana goma sakamako ya fito: ciwon daji ne na maƙogwaro. Likita ya ce sai an yi tiyata, kuma kada a ja lokaci. Azumi ta sa gefen mayafi ta rufe fuska. Suna zaune a benci a waje, sai ga wata matashiya da farar riga a kan hijabinta, da takarda a hannu. Ta durƙusa ta gaishe su, ta tambayi gida da hanya da mai jiki. Ta ce sunanta Naja'atu, ba ita ke duba shi ba, bincike take yi a kan irin ciwon nasa.

"Baba, ciwon nan ba abu ɗaya ba ne a dunƙule," in ji ta. "'Yan mitsi-mitsin ƙwayoyi ne, dubbai a kan dubbai, ido ba ya ganinsu. In an yanke, an ƙona wurin da na'ura, yawancinsu sukan mutu. Amma muna zaton akwai 'yan kaɗan a ciki da su ne iyayen sauran, su ke haifar su, kuma sun fi su taurin kai. Kamar tofa a gona: ka nome, ka ƙone, saiwa ɗaya ta rage a ƙasa, ruwa na sauka ta dawo. Matsalar ita ce duk kamarsu ɗaya. Ni aikina in nemo wata shaida a jikin iyayen nan da za a riƙa gane su da ita. Shi ne nake roƙon ka ba ni izini in yi aiki da kaɗan daga tsokar da aka cire, da wadda za a cire."

Inuwa ya fahimci maganar sarai. Shi da ya sha yi wa jarirai tsaga don a san ɗan wane gida ne, ba sai an yi masa dogon bayani a kan shaida ba. Saurin fahimtar ne ma ya tsorata shi, don a ganinsa magana in ta cika daɗin shiga kunne, an daɗe ana goge ta. Ya ƙare wa fuskar yarinyar kallo, sumul, ba tsaga ko ɗaya da za ta gaya masa inda ta fito.

"'Yar wane gari ce ke?"

"Likoro, Baba, can wajen Kudan. Mahaifina manomi ne."

"Wa ya ba ki sunana?"

"Likitanka ne ya ce in zo in tambaye ka. Kuma kada ka damu, ba za a rubuta sunanka a jiki ba, lamba za a sa."

Nan ya gyara zama. "To kin gani ko? Mai aikin alheri me zai sa ya goge sunan mai abu? Ɓarawon akuya ne ke fara ɓata shaidar kunne."

Ta ce don a rufa masa asiri ne, kada kowa ya san ciwonsa. Ya bar ta ta gama, sannan ya jefa tambayar da yake kama masu tallar magani a kasuwa da ita: "In na ba ki, zan warke?"

"A'a, Baba. Ba zai ƙara maka komai ba. In Allah ya sa an dace, na baya ne za su amfana, wataƙila ma bayan shekaru."

Da ta ce e, da ya san inda zai ajiye ta. Wannan a'a ɗin ta bar shi ba madafa, sai ya ɗauka wani sabon salon wayo ne da bai taɓa gamuwa da shi ba. Ta buɗe ɗan kwalin tawada don ya dangwala yatsa in ya amince. Ya tura hannuwansa biyu cikin aljihun riga ya ce bai amince ba.

"Babu komai, Baba. Ko ka ba ni ko ka hana, maganin da za a yi maka ɗaya ne. Allah ya ba da lafiya." Ta rufe tawadar ta tafi. Saurin haƙurin nata ma bai kwanta masa ba.

Daga nan ya kafe: ba za a sa masa wuƙa ba sai an dawo masa da tsokar farko. Likita ya ce wannan ta zama ajiyar asibiti, da ita ake komawa a duba in wani abu ya taso, ba a fitar da ita. Inuwa ya ce to shi ma wuyansa ajiyarsa ne. Ya koma Furana, ya tashi Ɗayyabu takanas zuwa Likoro ya binciko masa yarinyar. Ɗayyabu ya dawo ya ce duk gaskiya ne, ya ga uban da idonsa a gonar masara, mutumin kirki, har ya sha furarsu.

"Ai dama," in ji Inuwa. "Mai shirya babbar ƙarya da gaskiya yake farawa."

Mako uku aka yi a haka. Numfashinsa ya fara fito in ya yi tafiya daga gida zuwa masallaci. Azumi ta yi lallashi, ta yi kuka, ta kai ƙara wurin liman. Da duk suka ƙi ci, sai ta tsaya a kansa wata safiya yana karyawa da koko, wanda shi kaɗai yake iya wuce masa yanzu.

"Malam, tsoka kamar ƙwayar wake kake wa wannan gardama. To ka zaɓa: ko ka bar musu ita, ko mu binne ka gaba ɗayanka, kowa ya huta da nema."

Ya ajiye ludayi. Ya ce zai je, amma sai ya ga abinsa da idonsa tukuna.

Naja'atu ce ta roƙi shugaban ɗakin gwajin, aka bar shi ya shiga. Ɗaki ne mai sanyi da warin magani, jikin bango duk durowoyi. Ta jawo ɗaya ta ɗauko wani ɗan dunƙulen kaki irin na kyandir, girmansa bai wuce dunƙulen magi ba, an kafa shi a kan 'yar farar roba mai lamba. A tsakiyar kakin akwai wani ɗigo ruwan toka. Ta ce shi ke nan tsokar tasa. Ya leƙa durowar, ga irinsa ɗaruruwa a jere, na mutanen da ba wanda ya zo neman nasa. Tausayinsu ya kama shi.

A gefe wani ma'aikaci yana juya hannun wata na'ura, tana aske fuskar irin wannan kakin, tana fitar da sala-sala siraran da sun fi fatar albasa. Inuwa ya daɗe a tsaye yana kallo. Shekara arba'in yana wasa aska bai taɓa ganin kaifi irin wannan ba, kuma ya ji kishi, ba ya ɓoyewa. Ya tambaya ko duk mai son duba tsokar sai ya aske fuskar kakin. Aka ce masa ƙwarai, ba wata hanya.

Ta kira shi ga madubin da ke ƙara girman abu, ta sa wani gilashi mai ɗauke da salar tsokar wani majinyaci da ya ba da izini. Ya kanne ido ɗaya ya leƙa. Ga ƙwayoyi birjik, shuɗi-shuɗi, a tsakaninsu 'yan tsiraru sun rine sun yi ruwan ƙasa.

"Waɗannan masu duhun su ne iyayen?"

"Su muke zargi, Baba. Rinin da na sa su kaɗai yake kamawa. Amma ban tabbatar ba tukuna, sai na ga na mutane da yawa, na ga kuma su waye ciwon ya dawo musu."

Kalmar zargi daga bakinta ta ɗan yi masa daɗi, amma bai nuna ba. Ya ce a ba shi kakinsa ya riƙe ya yi addu'a. Da ta juya tana magana da ma'aikacin, ya sa farcen babban yatsa ya ja 'yar siririyar tsaga a fuskar kakin, daga kusurwa zuwa gefen ɗigon. Ya miƙa mata, ta mayar durowa.

Aka yi tiyata. Ciwon ya riga ya ci wuri, dole aka cire maƙogwaron duka, aka bar masa ƙofar numfashi a gindin wuya. Ko da ya zo tun da fari za a iya ceton muryar? Likita bai ce e ba, bai ce a'a ba, Azumi kuwa ba ta taɓa yi masa gori ba, ko da yake ta sha yi a ranta. Sharaɗinsa ɗaya aka cika masa: bayan an gama dubawa, aka ba su ragowar abin da aka cire, ban da ɗan abin da ƙa'ida ta ce a ajiye, shi ma sai da ya je ya gan shi ya yi masa irin tsagar farko. Naja'atu ba ta samu ko ɗigo ba. Ya yi makonni ana ƙona wurin da na'ura, sannan ya koma gida.

Ya ci gaba da aski, da ɗan farin ƙyalle a wuya. Ya bar cire beli, bai kuma gaya wa kowa dalili ba. Magana sai da hannu da motsin leɓe, Azumi ce kaɗai take karanta su daidai, ta zama bakinsa. Mutanen Furana suka ce wanzami ya yi sanyi. Bai yi ba, tambayoyin ne kawai ba su da hanyar fita.

Wata goma sha huɗu bayan tiyatar, yana alwala, yatsunsa suka ci karo da wani ƙullutu a ƙarƙashin muƙamuƙi, mai tauri, ba zafi. Hannun da ya shafa wuyan mutane dubu bai buƙaci likita ya fassara masa ba. Abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne yarinyar nan: ya hana ta, ta yi haƙurin ƙarya, ta koma ta yi abin da take so da tsokarsa, ga sakamako. Tsoro da fushi suka haɗu suka hana shi cin abinci yini biyu.

A Zariya likita ya tabbatar ciwon ne ya dawo, ya ce za a cire ƙullutun, a kuma gwada wani magani, amma ya yi maganar a hankali irin ta wanda ba ya son ɗaukar alkawari. Inuwa bai tsaya jin ƙarshenta ba. Ya ja Azumi har ƙofar ɗakin gwaji, ya ƙi gusawa sai da aka kira Naja'atu. Ta fito, ta ga wuyansa, fuskarta ta canza. Ta durƙusa za ta gaishe shi, ya ɗaga mata hannu, ya nuna durowa.

"Ya ce ki ɗauko masa nasa," in ji Azumi. "Duka."

Ta ɗauko. Ya kai su bakin taga inda haske yake, ya karkata na farko, ya karkata na biyu, ya sake komawa kan na farko. Tsagar farcensa tana nan a kan kowanne, siririya, yadda ya ja ta. Ba aska da ta bi ta kansu tun ranar. Ya so ƙwarai ya samu an taɓa, don da an taɓa da ya san maƙiyinsa, har da garinsu da sunan ubansa. Yanzu kuwa ya binne abin da za a binne, ya tsare abin da za a tsare, bai ba kowa komai ba, ciwon kuma ya dawo ta cikin jikinsa. Ya zauna a kan kujerar ma'aikacin ba tare da an ba shi ba.

Can ya ɗago, ya kama hannun Azumi don ta dube shi, leɓɓansa suka fara motsi. Ta bi su da ido, ta juya ga Naja'atu.

"Ya ce waɗanda aka yanka sun mutu, waɗanda aka ƙona sun mutu. Ya ce wannan da ya fito yanzu, 'ya'yan waɗanda suka ɓuya ne, ko ba haka ba?"

"Haka muke zato, Mama."

"Ya ce to iyayen da kike nema suna nan ciki." Inuwa ya ɗora yatsa a kan ƙullutun. "Ya ce in an cire ki ɗauka, ki haɗa da waɗannan biyun, ki aske su da askarki ki gwada."

Naja'atu ta ce, "Baba, ka tuna abin da na gaya maka. Ba zai warkar da kai ba."

Ya gyaɗa kai da ƙarfi, irin na wanda aka maimaita wa abin da ya sani. Leɓɓan suka sake motsi. Wannan karon Azumi ta share ido da bayan hannu kafin ta faɗa.

"Ya ce kada ki ɗauka ya yarda da ke, har gobe bai yarda ba. Ya ce amma ke ya bincika ya san gidanku. Ciwon nan kuwa kusan shekara biyu yana kwana a wuyansa, ba wanda ya san fuskarsa. Ya ce ki nemo masa shaida, ko bayan ba shi, don kada ya shiga gidan wani a ɓoye."

Naja'atu ta kawo takardar, ta karanta masa ita tun daga farko har ƙarshe, ya sa ta maimaita wuri biyu. Sannan ya goge babban yatsansa a jikin riga, ya miƙa mata.